Shin takardun da ke cikin gafakar kakana asiri ne?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar firamare ce daga wani ƙauye kusa da Mai Wurno a ƙasar Sudan. Da yaƙi ya shigo jihar Sinnar a 2024 muka gudo Gadarif, ban ɗauko komai ba sai tufafin yara da gafakar kakana, wadda mahaifina ya bar mini amana. Cikinta takardu ne rubutun hannu, ba ɗinki. Wasu Larabci ne da manyan layuka, da ƙananan rubutu a tsakaninsu. Wasu Hausa ce da ajami. Akwai shafi mai zane kamar gidaje da ja da rawaya, akwai masu lambobi cikin akwatuna, akwai kuma waƙoƙin da ke ƙarewa da kalmomin da ba Larabci ba, ba Hausa ba. Ƙanin mijina da ke aiki a Jidda ya ga hotunan ya ce sihiri ne, shi ya sa ɗana ke ta zazzaɓi yana ramewa, lallai a ƙone su. Wani faki, wato malamin tsibbu, a unguwarmu ya ce in ba shi warƙa uku, wato falle uku, a wanke a ba yaron. Wani kuma ya zo da kuɗi yana so ya saya. Ba na barci, Malam. Shin musiba nake ajiye a ɗaki? In ma ba sihiri ba ne, mene ne amfaninsu yanzu da kowane littafi yana cikin waya?

AMSA

Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya ba yaro lafiya, Ya mayar da ku gida cikin aminci.

Mu fara da yaron, domin shi ne ba ya jira. Ki kai shi asibiti tun kafin ki gama karanta wannan amsa. Gadarif ƙasar zazzaɓin cizon sauro ce, kuma tana cikin wuraren da cutar kala-azar ta fi yawa a Sudan. Zazzaɓin da ya ƙi tafiya, ga rama, musamman in ciki ya fara kumbura, gwajin jini yake buƙata. Takarda a cikin jakar fata ba ta sa wa yaro zazzaɓi. Duk makon da aka ɓata ana gardamar a ƙone ko a wanke, daga lafiyarsa ake cirewa.

Abin da kika kwatanta kuwa na san shi, don irinsa nake dubawa kullum. Manyan layuka masu tazara da ƙananan rubutu a tsakani littafin ɗalibi ne. Da gangan mai kwafa yake barin filin, saboda in an zauna gaban malami a zaure ana biyawa, ɗalibi ya riƙa rubuta fassarar kalma mai wuya a ƙarƙashinta, da Larabci mai sauƙi ko da Hausa ko da Fillanci. Ina kyautata zaton in an duba za a tarar da Ahalari ko Ishmawi ko Iziyya ko Risala, wataƙila da Ishiriniya. Rashin ɗinki ma ba lalacewa ba ne. Haka littattafanmu suke tun asali, warƙa-warƙa cikin tadarishi, wato bangon da ake rufe su da shi, don malami ya iya raba wa ɗalibai biyar su kwafa a lokaci guda. Kuma ba abin mamaki ba ne a same su a gidanku. Bayan yaƙin Burmi a watan Yulin 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas har suka zauna a bakin kogi kusa da Sinnar. Wasu kuma mahajjata ne da suka tako ta Barno da Wadai da Darfur, suka tsaya neman guzuri a gonakin audugar Jazira, tsayawar da ta zama zama. Mutumin da zai yi irin wannan tafiya a ƙafa ba ya ɗaukar abin banza a kafaɗa.

Yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. An wayi gari a cikinmu, daga Kano har Makka, duk takardar da aka ga rubutun hannu ce da tawada mai ruwan ƙasa, sunanta asiri. Masu wannan zato kashi biyu ne, kuma suna ganin kamar abokan gaba ne, alhali bakinsu ɗaya. Na farko ya ce asiri ne, a ƙone. Na biyu ya ce asiri ne, a wanke a sha, ko a ɓoye kada ido ya gani. Babu wanda ya ce a karanta. Ƙanin mijinki da fakin unguwarku sun haɗu a kan cewa kakanki boka ne, bambancinsu kawai ɗaya yana jin haushin haka, ɗaya yana so ya ci riba. Na sha ganin magada sun tara littattafan mahaifinsu a tsakar gida sun sa ashana suna kabbara, daga baya a tsinci guntun da bai ci wuta ba a ga babin alwala ne. Ba na ƙin mai kishin tauhidi. Abin da nake ƙi shi ne mutum ya yanke hukunci a kan shafin da bai iya karanta layi ɗaya a cikinsa ba, ta hoton waya, daga wata ƙasa.

Dalilin rashin iya karantawar ma a fili yake. Wanda ya tashi da bugun Madina ya saba da rubutun gabas da ruwayar Hafsu. Kakanninmu da rubutun Magriba suka yi karatu, da ruwayar Warshu: fa ɗigonta ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, wasulla da ja, hamza da rawaya. Sai yaro ya ga Alƙur'ani rubutun Barno ya kasa gane Fatiha, ya ce an canza Littafin Allah. Ya manta cewa maɗaba'ar Sarki Fahad da ke Madina ita kanta tana buga Mus'hafin Warshu da irin waɗannan ɗigogi, tana kuma buga na Duri, ruwayar da halwoyi, wato makarantun allo, da yawa na Sudan suke karantarwa da ita.

Mu bi abubuwan da suka tsorata ki. Shafi mai zanen gidaje da ja da rawaya, in littafin ƙarami ne kuma cike yake da salati, Dala'ilul Hairati ne na Jazuli, malamin Maroko da ya rasu a 1465. Kusan kowane kwafinsa yana da zanen Rauda, da siffar kaburbura uku: na Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da na Abubakar da na Umar, wani lokaci da mumbari a shafin da ke fuskantarsa. Marubutanmu ba sa zana shi kamar hoto, da layuka da da'ira suke yi, shi ya sa wanda bai sani ba yake ɗauka hatimi ne. In kuwa zanen a gefen shafin Alƙur'ani yake, zayyana ce ta nuna izu ko sumuni ko rubu'i ko wurin sujada. Ƙananan da'irorin cikin rubutu kuma kumsa ce da kuri, alamar aya biyar da aya goma. Kowane gardi ya san wannan.

Akwatuna masu lambobi su ne suka fi jawo wa littattafai wuta, don haka ki duba da kyau. In kika ga a gefe an jera kalmomi irin su zauja, ibn, bint, umm, wato mata, ɗa, 'ya, uwa, a sama kuma akwai 6 ko 12 ko 24, wannan lissafin rabon gado ne. Watau kakanki yana raba wa marayu haƙƙinsu, ga shi ana shirin ƙona shaidar. In kuwa sunayen watanni ne da sunayen taurari, kalanda ce ta manomi da mai sallah. Manzilolin wata 28 ne, kusan kowanne kwana 13, ilimin da Larabawa suka sani tun kafin Musulunci. Fita ki tambayi kowane tsohon manomin dawa ko riɗi a nan Gadarif yaushe Natra take shiga, yaushe Ɗarfa, yaushe Jabha, zai lissafa miki ba tare da ya duba komai ba. Su ne taurarin daminar da manoman ƙasar Hausa suke ƙirgawa. Abin da ke bakinsa shi ne abin da ke cikin akwatunan nan.

Kalmomin ƙarshen waƙa da kika ce ba Larabci ba ne ba Hausa ba, su ne ake cewa sunayen aljannu. Ramzi ne, watau shekarar da aka gama waƙar, an rubuta ta da haruffa maimakon lambobi. A hisabin Magriba da malamanmu suke bi, harafin shin 1000 ne, ra 200, lam 30, ba 2. Ki haɗa waɗannan huɗun, sun ba ki 1232 ta Hijira, shekarar da Shehu Usmanu ya rasu, daidai da 1817. Shi ya sa ramzin waƙoƙin mutanen Sakkwato na wancan ƙarni yake yawan ɗauke da shin da ra. Wanda ya koyi abajada ta gabas, inda shin take 300, in ya lissafa zai sami shirme, sai ya ce ai ga shi nan, ɗalasimai ne. Wannan kalma guda da ake so a ƙone, ita ce za ta gaya miki shekarun waƙar.

Ba zan ce miki ba a taɓa samun laƙani a gafakar malami ba. Ana samu. Akwai warƙoƙin fa'idoji, akwai hatimi na gaske, wanda ake gane shi da cewa lambobinsa ta kowane layi aka tara jimla ɗaya suke bayarwa, kamar mai gida tara da ke ba da 15 ta ko'ina. Akwai abin da aka ciro daga Shamsul Ma'arif da ake danganta wa Buni. Malamai sun daɗe suna saɓani a kan irin wannan, wasu sun hana shi gaba ɗaya. To amma wannan hukunci ne da ake yi wa warƙa bayan an karanta ta, ba wa gafaka dukanta ba. Kuma in an samu, warƙa biyu ko uku ne cikin ɗaruruwa. Masu kafa hujja da cewa Sayyidina Usmanu ya ƙona mus'hafai su tuna cewa sai da ya sa aka kwafe, aka tabbatar, aka aika wa garuruwa, sannan aka ƙona abin da ya saɓa. Su waɗannan na yanzu me suka kwafe?

Shi kuma fakin, ki ba shi haƙuri ki rufe ƙofa. Ko masu yin rubutun sha, wanda nan ake kira mihaya, a allo suke rubutawa da sabuwar tawada su wanke. Ban taɓa jin malamin kirki ya wanke littafi ba. Takardar da ta shekara ɗari ta sha ƙura, ta sha fitsarin ɓera, wataƙila an taɓa barbaɗa mata maganin gara. Wannan za a jiƙa a ɗura wa yaron da ke fama da zazzaɓi? Sannan warƙa uku daga tsakiyar littafi sun isa su mai da shi gurgu har abada. Ni dai zatona ba wankewa zai yi ba, ajiyewa zai yi ya riƙa nuna wa mata yana cewa ya gaji asirin mutanen Shehu.

Mai saye shi ma kada ki saurare shi. Na farko, ba naki ba ne ke kaɗai, gado ne kuma amana. Ki duba ko akwai inda aka rubuta waƙafi ko hubusi a shafin farko ko a gefe. In akwai, ba ya sayuwa ko da magada duka sun yarda. Na biyu, irin waɗannan dillalai ba littafi suke so ba, shafi mai ado suke so. Su zare masu zayyana su sayar ɗai-ɗai a sa a gilashi, sauran su zubar. Sun san mai gudun hijira a matse yake, shi ya sa suke yawo a inda kuke.

Tambayarki ta ƙarshe ita ce mai daɗin amsawa. Gaskiya ne, matanin Risala yana cikin waya. Ibn Abi Zaid ya rubuta ta a Ƙairawan, ya rasu a 996, yau kuma ana karantar da ita ta saƙon murya a WhatsApp, da irin fassarar nan ta zaure, kalma da kalma, wadda ba ta canza ba. Ishiriniya ta Alfazazi, mutumin Andalus da ya rasu a 1230, har gobe ana rera ta a daren Mauludi daga Zariya har Mai Wurno, kuma mata da yawa da ba su taɓa riƙe littafin ba sun haddace baitocinta da ka. Ashafa ta Alƙali Iyal, wanda ya rasu a 1149, ana karanta ta duk azumi a masallatai ana sawa a rediyo. Burda tana bakin masu bege da masu madihu. Ko a adabin boko haka ne: masana sun daɗe da nuna yadda Abubakar Imam ya ɗebo daga Muƙamar Hariri a Ruwan Bagaja, ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya a Magana Jari Ce, yaran firamare suna dariya da labaran ba su san tsufansu ba. Waɗannan littattafai ba su mutu ba, kuma ba takardar kakanki ce ta riƙe ransu ba. Baki ne ya riƙe su, da kunne.

Ƙarya ma, abin takaici, haka take rayuwa. Wasiyyar nan ta wani wai Shehu Ahmadu mai gadin kabarin Annabi, mai cewa wanda ya kwafa ya raba zai yi arziki, wanda ya ƙi zai ga bala'i, ta fi shekara ɗari tana yawo. Rashid Rida ya ƙaryata ta, Bin Baz ya ƙaryata ta, ga ta nan a Facebook ana turawa. Ga kuma maganganun da ake liƙa wa Shehu Usmanu, wai ya faɗi abin da zai faru bana. In ka ce a wane littafi, sai a ce ai a kundi yake. Wanda ya ƙone kundin gaske, ya bar wa masu ƙirƙira fili.

To in matani yana waya, me ya rage a gafakar? Duk abin da ba ya waya. Ƙananan rubutun nan na tsakanin layuka Hausar kakanninki ce kamar yadda suke furta ta, da kalmomin da wasu sun ɓace a bakin mutane. Shafin ƙarshe na kowane littafi yakan ɗauki sunan wanda ya kwafa, da wanda aka kwafa wa, wani lokaci da gari da rana. A bangon littafi ake rubuta haihuwa da rasuwa da bashi da shekarar yunwa, da sunayen zangon da aka sauka a hanya. Ga al'ummar da ake yawan tambaya yaushe kuka zo, daga ina kuke, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai waƙoƙin ajami. Wasu za su kasance sanannu, irin na Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta riƙa tura jajis, wato matan da ta karantar, ƙauyuka suna koya wa mata da waƙa. Amma wasu na malaman nan Sudan ne, waɗanda ba a taɓa bugawa ba, mai yiwuwa kwafinki ne kaɗai ya rage. Manyan ɗakunan ajiya na Hartum sun ga abin da suka gani a wannan yaƙi, an wawashe gidan tarihi na ƙasa, ɗakunan karatu sun ci wuta. A Timbuktu ma a 2012 da 2013, abin da ya tsira yawancinsa iyalai ne suka fitar da shi a akwatuna zuwa Bamako. Abin da kika yi ke nan ba ki sani ba.

Ajiyar ba ta buƙatar kuɗi, tana buƙatar a bar takardun su huta. Kada ki sake jera su yadda kike ganin ya dace. A ƙasan kowace warƙa ta baya akwai kalma guda a keɓe, ita ce kalmar farko ta warƙar da ke biye, da ita ake mayar da littafi daidai. Ki bar wa wanda ya iya. Ki sa lamba ƙarama da fensir a kusurwa bisa yadda kika same su, ban da biro. Kada a liƙa salatif, kada a shafa gam, kuma don Allah kada a kai shago a rufe su da roba mai zafi kamar katin shaida. Wannan ɗanyen aiki ya kashe takardu fiye da gara, domin ba ya warwaruwa. Ki naɗe su a farin ƙyalle mai tsabta, ki ɗora a sama nesa da ƙasa da bango, kada ki ƙulle su a leda da damina, kada ki shanya a rana. In kina son ganin wani abu, ɗaga warƙa ɗaya ga haske: in kika ga jinjirin wata uku a jere cikin jikin takardar, ƙirar Italiya ce, irin wadda fatake suke kawowa ta Tarabulus da Masar. Wannan yana nuna tsufa, amma ba ya yanke shekara.

Sannan ki ɗauki hoton kowace warƙa, gaba da baya, a inuwa da rana, ba da fitilar waya ba, har da waɗanda ba komai a kansu sai ɗan rubutu a gefe. Ki tura wa 'yan'uwa biyu ko uku a garuruwa daban-daban. Akwai masu wannan aiki a Gidan Arewa da ke Kaduna, da Jami'ar Bayero, da ɗakin tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, kuma da hoto ma suna iya gane littafi. Hoto za ki bayar, ba asali ba. Na taɓa raka wasu magada wani ofis da ya karɓi littattafansu da sunan za a duba, aka yi ta ce musu mai makulli ya yi tafiya, har suka gaji suka bari. Duk wanda ya ce ki kawo, ya zo ya duba a gabanki. Kuma kada ki ba wani ya tafi da su Jidda don a ajiye. Ma'aikacin filin jirgi da ya ga akwatunan lambobi ba zai tsaya lissafin gado ba, kuma tuhumar sihiri a Saudiyya ba wasa ba ce.

Shi ƙanin mijinki, ki yi masa magana mai daɗi, tsoron Allah ne ya sa shi, sai dai ya yi gaggawa. Tura masa shafi ɗaya mai manyan layuka, ki roƙe shi ya kai wa wani dattijo cikin Hausawan Makka ko Jidda da ya yi karatun zaure, su karanta tare. Ke kuma ki nemi tsohuwa cikin waɗanda kuka yi hijira tare, ki karanta mata baiti ɗaya ko biyu na waƙoƙin ajamin nan gwargwadon iyawarki. In ta karɓe ta ci gaba da rerawa, ki kunna waya ki naɗa har ƙarshe, ki tambaye ta wa ya koya mata, a wane gari, domin karin waƙa ba a rubuta shi a takarda. Ni kuma ki turo mini hoton shafin farko da na ƙarshe na kowane ƙunshi, da duk masu akwatunan lambobi, in gaya miki sunan kowanne.